Kwalbar jinin da na kai Yamai

Ranar Asabar da la'asar na ɗebi jinin ɗan yayata. Shekararsa huɗu, kuma bai yi kuka ba sai da ya ga auduga ta yi ja. Mililita uku na ɗiba, a 'yar kwalba mai koren murfi wadda ke da heparin a ciki don kada jinin ya daskare. Yaya ce ta riƙe masa hannu, mijinta yana tsaye bakin ƙofa bayan ya sa hannu a takardar yarda. Tun ranar sunan yaron nan ake magana a dangin uban. Wasu su ce ɗan ruwa ne, wasu su ce Yaya ta fita da almuru tana da ciki ta tsallaka abin da bai kamata ba. Akwai tsohuwar da ta taɓa ba da shawara a kai shi bakin gulbi a ajiye. Ni kuwa shekara goma sha biyu ina aikin labo a Maradi, na san kamannin: idanu masu ɗan ɗagawa ta gefe, laushin jiki, harshe mai yawan leƙowa, layi guda da ya ratsa tafin hannu. Likitan yara ma ya faɗa mana sunan abin tun yana jinjiri: trizomi 21, wadda a Turanci ake kira Down syndrome. Amma gani ya kori ji. Don haka da sunana ya fito cikin waɗanda za su je Yamai horon mako biyu kan binciken ƙwayoyin gado, na kira malamin da zai koyar da mu na roƙe shi in zo da jinin. Ya ce in zo da shi, kada ya wuce kwana biyu, kuma kada ƙanƙara ta taɓa shi.

Ƙarfe huɗu na dare ranar Lahadi ina gar. Watan Janairu ne, ɗari na ratsa ƙashi, masu shayi kaɗai ke da baki. Jaka goma sha ɗaya na biya kuɗin kar. Yaron mota ya so ya tura 'yar kular da na riƙo ƙasan mota tare da buhuna, na ce masa wannan a cinyata za ta yi tafiya. Na naɗe kwalbar da auduga da tawul, na sa robar ruwan sanyi guda a gefenta. Muka tashi ƙarfe biyar, aka tsaya sallar asuba a Gidan Rumji. Kilomita kusan 660 ne tsakaninmu da Yamai.

A Madawa wata mata ta shigo da yaro ɗan kamar shekara tara, ta zauna kusa da ni. Ta lulluɓe shi da bargo biyu, duk da haka yana nishi ƙasa-ƙasa. Na dubi farin idonsa da ya yi ɗorawa, na ce mata emasi ne, wato amosanin jini? Ta ce shi ne, tun da sanyi ya shigo bai yi kwana uku lafiya ba, za ta kai shi cibiyar masu amosanin jini ta ƙasa da ke Yamai. Haihuwarta shida, uku sun zo da ciwon, biyu sun koma. Abin da ke cin ranta, in ji ta, an gaya mata ɗaya cikin huɗu ne ke kamuwa, to ita me ya sa rabin 'ya'yanta? Na ce mata, Hajiya, lissafin nan a kowane ciki ake sake shi daga farko, cikin bana bai san abin da na bara ya yi ba. Ta yi shiru har muka wuce Galmi, inda gonakin albasa suka yi kore shar a tsakiyar ƙasa busasshiya, sannan ta ce ba wanda ya taɓa gaya mata haka.

A Ƙonni aka tsaya cin abinci. Garin bakin iyaka ne, naira da sefa duk suna ci, ga kwalaben fetur jere a bakin hanya. Na ci shinkafa da wake ta dala sittin, na cika wa yaron gorarsa da ruwa na ce wa uwar ta riƙa matsa masa ya sha. Daga fitar gari muka tarar da shinge. Kowa ya sauka da katinsa a hannu, aka bi layi. Jandarman da ya karɓi nawa ya dubi kular ya ce, Madam, me ke ciki? Na ce jini ne, shef. Sai ya ɗago kai sosai. Na miƙa masa takardar aiki da takardar likita, ya karanta har ƙasa, ya ce in buɗe. Da ya ga 'yar kwalbar da ba ta kai yatsa ba cikin wannan uban naɗi, ya tambaye ni me za a nema a ciki. Na ce za a ƙirga wasu abubuwa ne da ke cikin jikin kowa, 46 ne, ana zaton na yaron nan 47. Ya ce, to ɗaya tak ɗin ne ya sa ki wannan doguwar tafiya? Na ce shi ne. Ya rufe mini kular da hannunsa, ya ce Allah ya ba shi lafiya.

Bayan Dogon Dutsi tayar baya ta fashe. Direba ya yi ƙoƙari, motar ba ta kauce ba, amma awa biyu muka yi a daji rana tsaka. Ɗarin safe ya gudu, kwalta ta fara tururi. Na ɗauki kulata na koma gindin wani gawo, shi kaɗai ke da ganye a wannan lokaci, na riƙa sa hannu ina taɓa tawul ɗin. Ƙwayoyin da nake ɗauke da su rayayyu ne, idan zafi ya kashe su ba abin da za su nuna. Ruwan robar ya huce, na sayi wani mai sanyi wajen wata yarinya 'yar talla na musanya. Daga Dosso Zabarmanci ya fara rinjayar Hausa a bakin masu talla. Wajen Kure an ce ana ganin raƙuman dawa daga hanya, amma duhu ya riga mu. Sai bayan isha'i muka shiga Yamai.

Gidan Gwaggo na sauka, a Bukoki, unguwar da za ka yini ba ka nemi tafinta ba. Gwaggo tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, firjinta biyu. Da na ce zan ajiye jini a ciki sai ta dafe ƙirji ta ce, ke ɗiyar nan, a cikin kayan sana'ata? Da ta ji jinin wane ne ba ta ƙara magana ba, ta kwashe ƙofar firjin da kanta ta ba ni wuri, nesa da wajen daskarewa. Ta kawo mini dambu da zogale, na ci na kwanta.

Da safe na hau taksi. A Maradi kabu-kabu zai kai ka har ƙofar ɗaki; a nan sai ka tsaya bakin titi kana kiran sunan unguwa, direba ya ga in hanyarsa ce. Hawa biyu nake yi kafin in kai Harobanda, unguwar ƙetaren kogi inda ake horon, dala ɗari kowace tafiya. A gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, na ga abin da ya ba ni mamaki. Gulbin Maradi a wannan wata yashi ne zalla, yara na ƙwallo a ciki. Kogin Kwara kuwa ya cika ya batse, alhali wata huɗu ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Wani dattijo a taksin ya ce ruwan daminar Gini ne, sai ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso. Da ka sauka gadar ka shiga duniyar ɗalibai, don a can Jami'ar Abdu Mumuni take, da sashen koyon aikin likita, da asibitin Lamorde.

Mu goma sha huɗu ne a ajin, daga Tawa da Damagaram da Agadas da Diffa da Yamai, har da ɗalibai uku 'yan mastar. Malamin dattijo ne marar hayaniya, ya yi karatun fannin a Kwatano da Faransa. Da Faransanci yake koyarwa, amma in ya ga ido ya raina fata sai ya juya Hausa. Kafin ya ce komai ya karɓi kwalbata, ya ɗaga ta a haske, ya ce jinin bai fashe ba. Muka sa safar hannu, aka ɗiga jinin cikin wani jan ruwa mai ciyar da ƙwayoyi, aka ƙara wani sinadari da ake samu daga jan wake, wanda ke sa fararen ƙwayoyin jini su fara rabuwa. Aka rufe a akwatin ɗumi a digiri 37, za a jira awa 72.

Cikin kwana ukun nan aka yi karatun allo. Sitojenetik, in ji Malam, ilimin duban kuromozom ne, wato ƙullin zaren gado da ke tsakiyar ƙwayar halitta, rabi daga uwa rabi daga uba. Ba a ganinsu sai lokacin da ƙwaya ke shirin rabuwa biyu, shi ya sa ake wannan wahala. Ya ba mu labarin da na kasa mantawa: sama da shekara talatin littattafai na cewa kuromozom ɗin ɗan Adam 48 ne, masana na leƙa madubi suna ganin abin da aka ce musu za su gani, sai a 1956 Joe Hin Tjio da Albert Levan suka ƙirga da kyau a garin Lund na Suwidin suka samu 46. Bayan shekara uku, a Paris, Jérôme Lejeune da Marthe Gautier da Raymond Turpin suka nuna cewa yara irin ɗan yayata suna da guda ɗaya ƙari. Ya ce mu lura da sunan matar, don ita ce ta reni ƙwayoyin a labo, aikin da mu ma muka zo koya. Ya kuma kawo maganar da ta sa matan ajin gyara zama. Kusan rabin ɓarin da ake yi a watannin farko matsalar kuromozom ce. Wani lokaci miji ne ke ɗauke da guntu biyu da suka yi musanyar wuri, shi lafiyarsa lau, amma matarsa ta yi ta ɓari ana kai ta wajen masu magani. Haka zancen haihuwar mata: uwa X kaɗai take bayarwa, daga uba ne X ko Y ke zuwa, in X ne a haifi mace, in Y ne namiji. Wata abokiyar karatu daga Tawa ta ce a hankali, da ƙanwarta ta san wannan da ba a yi mata kishiya da gori ba.

Ranar Alhamis aka buɗe akwatin. Aka sa kolsemid don ya tsayar da ƙwayoyin daidai tsakiyar rabuwa, aka juya su a inji, aka zuba musu ruwan gishirin potasiyom mai rauni don su kumbura kuromozom su warwatsu. Wannan dabarar ma, in ji Malam, kuskure ne ya haife ta, lokacin da aka haɗa ruwan gishiri ba daidai ba a labon T. C. Hsu a Amurka, ya buga sakamakon a 1952. Daga nan aka kafe su da metanol kashi uku da asid asetik kashi ɗaya, warin na hawa kai. Sai matakin da na zaci shi ne mafi sauƙi: ɗiga ruwan a kan lam, ɗan gilashin nan da nake amfani da shi kullum.

Nan na sha kashi. Na ɗiga, na leƙa madubi, kuromozom duk sun cure wuri guda kamar taliyar da ta kwana. Na sake, haka. Lam shida na ɓata, hannuna ya fara rawa, don ruwan da ya rage a kwalbar kaɗan ne kuma babu wani jinin sai Maradi. Malam ya zo ya tsaya bayana, ya ce, ɗiyata, dakata, ba hannunki ba ne, hunturu ne. Iskar Yamai a Janairu ta bushe ƙwarai, ɗigon na ƙafewa kafin kuromozom su samu sararin bajewa. Ya jiƙa takarda ya shimfiɗa, ya ɗauko lam daga ruwan sanyi, ya huro mata numfashi har ta yi hazo, ya karkata ta, ya saki ɗigo ɗaya daga sama, sannan ya riƙe ta a kan tururin ruwan ɗumi yana ƙirgawa a ransa. Ya ce in yi yadda ya yi. A lam ta biyu na ga sun baje, kowane da filinsa. Ya ce wannan ba ya cikin littafin da aka rubuta a Turai, kowane labo sai ya koyi iskar garinsa, kuma da damina dabarar za ta canza.

Lam ɗin suka kwana a ɗumi, washegari aka tsoma su cikin tiripsin na 'yan daƙiƙu, aka rina. Da na ga kwalbar rinin sai na yi murmushi: Giemsa ce, wadda nake rina jinin masassarar cizon sauro da ita kowace safiya shekara goma sha biyu. Ita ce ke fitar da zane-zane, baƙi da fari, a jikin kowane kuromozom, kuma da zanen ake gane wannan na 7 ne wancan na 11. Akwai kwamfuta mai jera su, amma Malam ya hana. Ya buga mana hotuna a takarda, ya raba almakashi da gam, ya ce wanda bai yanka da hannunsa ba ba zai gane ranar da kwamfuta ta yi kuskure ba. Na yini ina yanka ina haɗa biyu-biyu, daga manya zuwa ƙanana. Da na iso ƙasan takardar, wajen na 21, wanda shi ne mafi ƙanƙanta duka, guda uku ne a tafin hannuna. Ƙwaya ashirin muka ƙirga a madubi, duk 47. Malam ya duba, ya rubuta da birona: 47,XY,+21, wato kuromozom 47, namiji, ƙarin a kan na 21.

Na daɗe ina jiran wannan takarda don in kai wa dangin mijin Yaya in ce ga shi, ba laifinta. Na faɗa wa Malam haka bayan an tashi. Ya ce in zauna. Ya ce, idan za ki faɗi gaskiya ki san ta duka: kusan tara cikin goma na irin wannan, ƙarin daga ƙwan uwa yake fitowa, kuma yana yawaita da shekaru, a wajen arba'in kusan haihuwa ɗaya cikin ɗari. Yaya na da arba'in da ɗaya ta haifi yaron. Gabana ya faɗi, na ga kamar sanda zan kai musu. Sai ya ci gaba, ya ce ƙwan da aka yi yaron da shi tun yayarki na cikin cikin mahaifiyarku aka halicce shi, shekara arba'in yana jira, ranar rabuwa biyu suka ƙi sakin juna. Wane abinci ta ci, wace hanya ta bi da ya jawo wannan? Ya ce kuma labari mai daɗi shi ne ƙarin a sake yake, bai manne da wani kuromozom ba, don haka ba irin wanda ke bin dangi ba ne, sauran 'ya'yanta ba su da abin tsoro a aurensu. Ya ce rabin aikinmu madubi ne, rabi kuwa zama da iyaye, kuma a jami'a na biyun ne ya fi wuyar koyarwa. Ya rubuta mini abin da za a duba: zuciya, don kusan rabin yaran nan na zuwa da matsalarta, sai maƙoshi, da ji, da gani.

Ranar Lahadi Gwaggo ta kai ni Babbar Kasuwa da Katako, muka biya gidan tarihi na Bubu Hama. Na sayi kilishin jaka uku na tsaraba.

Mako na biyu muka sauka ƙasa da abin da madubi ke gani, zuwa ADN kanta, wato zaren gadon da ke ƙulle cikin kuromozom, wadda 'yan Najeriya ke kira DNA. Na'urar PCR na sha jin sunanta tun 2020, lokacin da ake kai samfurin korona cibiyar CERMES, amma ban taɓa sa mata hannu ba. Ba ta fi tukunyar shinkafa ta lantarki girma ba. Tana ɗumama ruwan zuwa digiri 94 zaren ya rabu, ta huce, ta koma 72 a kwafe shi, haka sau talatin, guntu ɗaya ya zama kusan biliyan. Kary Mullis ne ya ƙirƙiro dabarar a 1983, kuma abin da ya taɓa ni shi ne rahoton farko da aka buga kanta a 1985 kan gano amosanin jini aka yi shi, ciwon gidanmu. A kuromozom na 11 matsalar take, harafi ɗaya ne cikin rubutun, GAG ya koma GTG, shi ke nan jar ƙwaya ta lanƙwashe kamar lauje. Da na ga layukan sun fito a hasken shuɗi, AA da AS da SS kowane da tsarinsa, yaron Madawa cikin bargo biyu na tuna. Malam ya ja kunnenmu kada mu koma gida muna raina abin da muke da shi, don gwajin kafin aure ilektoroforez, gwajin jinin da aka saba gane AA da AS da SS da shi, ta isa, kuma ta fi arha nesa. PCR na da wurinta, kamar wanda aka ƙara wa jini kwanan nan gwajin yau da kullum ya rikice.

Da 'yan mastar nake cin abincin rana a wata rumfa bayan labo. Ɗayansu, yarinya 'yar Damagaram, ta yi lisans shekara uku a binciken jini, tana shekarar ƙarshe ta mastar, tana neman gurbin dakta a Dakar ko Maroko. Ta ce abin da ke ba ta tsoro shi ne ta yi shekaru tana koyo ta dawo ta tarar babu kayan aiki, don kowane sinadari daga waje yake zuwa, da sanyi ake ɗauko shi, kuma yana da ranar mutuwa. Na ce mata ni dai in ta dawo, zan riƙa aiko mata jini daga Maradi, na riga na san yadda ake naɗe shi.

Dawowa lafiya lau, ba abin da ya faru sai shingaye. Ban sauka gidana ba sai da na biya gidan Yaya. Bayan magariba ne, yaron na bisa tabarma yana tura murfin kwano. Na ba shi kilishi, na fito da takardar da na manna da hannuna na shimfiɗa ƙarƙashin fitila. Na ce, Yaya, ƙirga mini. Ta sa yatsa tana bi, biyu, biyu, biyu, har ta iso ƙasa ta tsaya. Ta ce nan uku ne. Na gaya mata duk abin da Malam ya faɗa, ban rage zancen ƙwai da shekaru ba. Ta daɗe tana duban takardar, sannan ta aiki babbar ɗiyarta ta kira babansu daga ƙofar gida, ta ce ya zo ya ƙirga da kansa, kuma gobe da safe a kai wa Inna, uwarsa, ita ma ta gani. Ranar Talata muka kai yaron hoton zuciya.